Tukwicin Manhajar Kyauta

Ranar da Baba ya lulluɓe kwamfutarsa da tsohon zanen Inna, ni aka fara kira. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a unguwar Arawa, alli a hannu, sai ga wayar Inna ta shigo har sau uku a jere. Na fita baranda da sauri, don Inna ba ta kira sau uku haka kawai. Ina ɗagawa ta ce, "Idan kin tashi ki biyo ta gida ki ji da mutumin nan, ni kam na gaji. Tun safe ya ƙi karyawa, wai shi ɓarawo ne."

Na ce, "Wa? Baba?"

Ta ce, "Da wani mutumin a gidan bayan shi?"

Sai ka san Baba za ka gane abin dariyar. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da sito a wata ma'aikatar gwamnati, ya yi ritaya ko ƙusa ba ta biyo shi gida ba. Muna yara idan ka roƙe shi aron biro, sai ya juya shi ya duba ko na ofis ne, in na ofis ne sai dai ka tafi makaranta da gawayi. Kwamfutar kuwa abokan aikinsa ne suka haɗu suka ba shi ranar da suka yi masa sallama. Irin ta tebur ce mai ƙaton kai, idan aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. Ta yi shekaru a ɗakinsa a unguwar Manawashi ba ta da aikin da ya wuce shan ƙura, har zuwa lokacin da likita ya ce masa yana da hawan jinin ido. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ganin zai riƙa tsukewa daga gefe-gefe har ya rufe, magani rage masa gudu kawai yake yi.

Muna dawowa daga asibiti Baba ya sa aka goge kwamfutar. Ya ce zai rubuta labarin mahaifiyarsa, Dada, da yadda ta shigo Gombe da shi a goye zamanin da auduga ke tashe, kafin idon ya ƙare. Ya iya buga tafireta tun yana ƙaramin ma'aikaci, yatsunsa ba su manta ba. Kullum daga karin kumallo har azahar yana zaune yana ƙwas-ƙwas, in an ɗauke wuta ya jira, in an kawo ya ci gaba. Ya kai kusan rabi ke nan wannan abu ya faru.

Na same shi zaune a bakin gado ya haɗa tagumi. Ya nuna mini kwamfutar da haɓa kamar mai nuna gawa. Ashe da safe wani rubutu ne ya fito a ƙasan allo, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girman rubutu ya karanta. Rubutun ya ce babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar, wadda in babu ita kwamfuta akwati ce kawai, ba ta asali ba ce, kwafi ce da ba a saya daga masu ita ba.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Baba! Ai duk garin nan haka ake yi. Wanda ya sayar wa abokanka ne ya zuba ta, kai ina ruwanka?"

Ya dube ni da idon da ya fi gani. "Yanzu na sani ko ban sani ba?"

"Ka sani."

"To."

Shi ke nan fa, wannan "to" ɗin ta rufe magana. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa a gidanmu ya san haka, ƙannena har cewa suke yi in Adda, wato ni, ta fara a buɗe taga. Na yi magana ta hankali, na yi ta rashin hankali, Baba ko gezau. Na ce to ya ɗauki biro da takarda. Ya ce layin takarda ya daina ganuwa gare shi tun bara. Na ce to ya riƙa faɗa ni ina rubutawa, kullum zan zo bayan makaranta. Nan ne ya ɗaure fuska irin ɗaurewar da ban cika gani ba. Ya ce, "Wannan da hannuna zan rubuta shi. Ba na faɗa a rubuta ba ne."

Washegari na shiga shagunan masu kwamfuta neman manhajar asali in saya in huta. Wani ya tambaye ni irin na'urar, da na faɗa masa sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Suka ce, "Hajiya, wannan ai kakar kwamfutoci ce. Ta asalin da ake sayarwa yanzu ko hawa kanta ba za ta yi ba." Na koma na ce wa Baba za mu haɗu da ƙannena mu saya masa sabuwa. Ya ce yatsunsa wannan suka sani, kuma ba a yar da kyautar mutane don ta tsufa. Mako biyu zanen Inna yana kan kwamfuta, ni kuma kowace safiya ina tuna maganar likita, abin yana cina.

A nan ne na tuna da ƙawata ta unguwar Herwagana. Tare muka yi sakandare, benci ɗaya. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, kasuwanci ya kawo su, ita kuwa a Gombe aka haife ta, Hausa a bakinta har gyara mini take yi. Tana da shagon gyaran kwamfuta kusa da cocinsu, maza suna kawo mata abin da ya gagare su suna sunkuyar da kai. Na zayyana mata komai ina huci. Ta gama dariyarta ta share hawaye, sannan ta buɗe durowa ta ɗauko filashi ɗan mitsitsi, irin wanda ake adana bayanan kwamfuta a ciki. Ta ce, "Tashi mu je. Akwai wadda ba ta sata ba ce, ba ta sayarwa ba ce, kuma tsofaffin kwamfutoci take so."

Baba yana son ƙawar nan tawa, Injiniya yake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi iyayenta ɗaya bayan ɗaya, Inna ta kawo kunun gyaɗa. Amma da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya gyara zama a kujera kamar shugaban kwamitin bincike.

"Kyauta kika ce?"

"Kyauta, Baba."

"Wa ya bayar?"

Nan ƙawata ta ajiye kofi ta fara ba shi tarihi, ni ma ranar na fara jin sa. Ta ce kowace manhaja tana da rubutun asali, wato bayanin yadda aka haɗa ta. Kamar yaji ne, wata mai yajin za ta sayar maka amma ba za ta taɓa gaya maka abin da ta daka a ciki ba, in ya yi maka gishiri sai haƙuri. Ta ce da can masana kwamfuta a jami'o'i suna ba juna rubutun nan hannu da hannu, daga baya kamfanoni suka fara kulle nasu. To akwai wani masani a wata jami'a a Amurka da firintar wurin aikinsu ta riƙa cije takarda. Ya san zai iya magance abin da kansa, ya nemi rubutun asali aka hana shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, daga baya ya ajiye aikinsa ya ɗaura niyyar rubuta babbar manhaja sukutum wadda kowa zai iya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya ba wani. Ya kuma rubuta sharaɗi guda: duk wanda ya gyara ya raba wa mutane, dole ya bar ta a buɗe yadda ya same ta.

Baba ya ce, "A kan firinta?"

"A kan firinta, Baba."

Ya waiwayo ya dube ni. "Ashe kina da 'yan'uwa a Amurka."

Inna ta yi dariya har kunu ya sarƙe ta. Na ce ni dai a ci gaba da tarihi.

Ƙawata ta ce mutumin da abokansa sun yi shekaru suna ƙera sassa, sun yi wannan sun yi wancan, amma zuciyar abin, wadda ke magana da ƙarfen na'urar kai tsaye, ba ta kammalu ba. Ana nan sai wani ɗalibi a wata ƙasa mai tsananin sanyi can arewacin Turai ya sayi kwamfuta, manhajar da ya samu ba ta gamsar da shi ba, ya zauna a ɗakinsa ya fara rubuta tasa zuciyar don nishaɗi kawai. Da ta fara motsi ya ɗora ta a intanet, ya ce ga wani ɗan abu da yake wasa da shi, duk mai shawara ya kawo. Kamar da wasa, wannan ya aiko gyara daga ƙasarsu, wancan ya aiko ƙari daga tasu. Aka haɗa zuciyar ɗalibin da sassan mutanen farko, abu ya tashi. Ta ce yau manyan na'urorin da ke riƙe da intanet da yawansu da ita suke aiki, har wayar da ke hannun Inna a kan zuciyar nan aka gina ta. Inna ta juya wayarta ta duba bayanta kamar za ta ga ɗalibin a manne.

Baba ya ce, "Gayya ke nan."

Ƙawata ta tafa hannu. "Wallahi Baba ka gama magana. Gayya ce, sai dai gonar ta kowa ce."

Ya sa ta karanta masa sharaɗin nan tun daga farko har ƙarshe, da Turancinsa mai wuyar haɗiya, yana tsayar da ita yana cewa ta maimaita. Da ya gamsu ya miƙa hannu da kansa ya yaye zanen. Ƙawata ta kwashe rubutunsa ta adana a wuri biyu, ta goge tsohuwar manhajar, ta zuba sabuwar. Kafin la'asar kakar kwamfutoci ta farka ba gurnani, ga hoton wani tsuntsu mai farin ƙirji da baƙin baya zaune ya baje ƙafafu. Ƙawata ta ce tsuntsun ƙanƙara ne, shi ne tambarin manhajar. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan ai agwagwa ce ta ƙoshi." Tun daga ranar sunan manhajar a gidanmu Agwagwa.

Na yi hamdala, na ɗauka an gama. Ina naɗe mayafi zan tafi sai na ji Baba yana cewa, "To Injiniya, yanzu ina za a kai tukwici?"

Ƙawata ta ce, "Tukwicin me, Baba?"

"Yaro ya zauna cikin sanyi ya yi aiki, an aiko mini har ɗakina, in karɓa in yi shiru? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Na ce, "Baba, don Allah! Mutumin nan bai san da kai ba, bai san da Manawashi ba, bai san da Gombe ba!"

Ya ce, "Ni ai na san da shi."

Kwana biyu bayan haka na zo na tarar da sabuwar hula a kan tebur, zanna mai aiki, cikin ledarta. Da kansa ya hau keke ya je kasuwa da wannan idon. Wai in tambayi Injiniya ko ta san girman kan ɗalibin, in hular ba ta yi masa ba a canzo. Littafin kuwa ko layi ɗaya bai ƙara ba, ya ce ba zai taɓa shi ba sai an sauke wannan nauyin. Na kira ƙawata a waya na ce ta zo ta kashe wutar da ta kunna.

Ta zo ta zauna ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ɗalibin nan yanzu magidanci ne har da furfura, kuma ba shi kaɗai ba ne, mutanen da suka sa hannu a abin nan ba su ƙirguwa, wasu ma sun rasu. Baba ya dubi hular ya ce, "To hula nawa ke nan?" Ta ce su ba hula suke karɓa ba. Tukwicin da suka sani shi ne aiki. Wanda ya iya rubuta manhaja ya rubuta, wanda bai iya ba, idan ya ga wata matsala ya rubuto ya faɗa, don a gyara wa kowa. Fuskar Baba ta washe. Ya ba ta hular ya ce ta kai wa maigidanta, har yau mutumin yana sa ta ranar Kirsimeti.

Neman matsala kuwa ai an zo gidan Baba, mutumin da ya yi rayuwarsa yana gano kwalin da ya ɓace a sito. Kwana uku ya same ta. Ƙawata ta kunna masa wani sashe da ke ƙara girman komai a allo saboda masu raunin ido. Idan ya ƙara girman sosai yadda yake buƙata, sai maɓallin adana rubutu ya zame ya faɗa can ƙasan allo inda ba a ganinsa, ba kuma a iya jawo shi. Ya kira mu ya nuna mana yana murmushi kamar wanda ya tsinci ɗan akuyarsa da ya ɓata.

Ƙawata ta ce madalla, layi uku ya isa: abin da ka danna, abin da ya faru, abin da ya kamata ya faru. Baba ya ce ta bar masa wannan, shi ya san yadda ake rubuta wa hukuma.

Wayyo, wasiƙar nan! Da Turancin ofis na da ya rubuta ta. A sama ga lambar fayil da ya ƙirƙiro da kansa, ga kwanan wata, ga kanun magana da manyan baƙaƙe an ja masa layi. Sakin layi na farko gaisuwa ce, yana fatan suna lafiya, da iyalansu, da iyayensu in suna raye. Na biyu jaje ne a kan sanyi, ya ce ya samu labarin ƙasarsu ba a ganin rana sosai, Allah ya kawo sauƙi. Na uku godiya, da bayanin ko shi wane ne da shekarun da ya yi yana aiki. Sai a na huɗu, bayan neman afuwa sau biyu, ya ambaci maɓallin. Ya rufe da cewa shi ne ma'aikacinsu mai biyayya.

Na ce, "Baba, wannan in suka gani dariya za su yi mana. A yanke na farko da na biyu da na uku."

Ya ce, "In faɗa wa mutane gida ba sallama, in ce ga laifinku?"

Na dubi ƙawata ta taimake ni, sai na ga ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Ta ce a bar ta haka. Ta ɗora ta dungurungum a shafin da ake kai rahoton matsala, ta haɗa da hoton allon.

Bayan kwana biyar ta zo da gudu ko sallama ba ta gama ba. An amsa. Wani mutum ne da ke kula da sashen ƙara girman nan a ranakun hutunsa, aikinsa na ainihi daban. Ya ce shekara da shekaru yana karɓar rahoto, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar iyalinsa sai yau. Ya ce suna lafiya, 'yarsa ƙarama ta yi wawulo a makon nan. Batun sanyi kuma ya gode, amma shi a Kudancin Amurka yake, zafi ne ke gasa su. Ya ce matsalar gaskiya ce, shi idonsa lafiya lau don haka bai taɓa ƙara girman ya kai haka ba. Zai gwada gyara, in Baba zai yarda ya riƙa dubawa yana gaya masa.

Baba ya sa aka karanta masa sau uku. Ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, useko," kamar mutumin yana tsaye a bakin ƙofa. Ya aiki Inna ta ciro masa wani tsohon fayil na kwali daga ƙasan akwati, ya sa aka buga wasiƙun biyu aka huda aka ɗaure da zare.

Daga nan aiki ya samu. Mutumin ya aiko gyara, ƙawata ta zo ta saka, Baba ya gwada. Maɓallin ya dawo amma ya hau kan wani. Baba ya rubuta wasiƙa, da gaisuwa da tambayar haƙorin yarinya. Aka aiko na biyu, wannan karon rubutun maɓallin ne ya guntule. Wata wasiƙar. Kowane zagaye yana cin mako ɗaya ko fiye, don mutumin sai ranar hutu yake zama. Baba yana ta annashuwa, yana gaya wa abokansa a masallaci cewa yana aiki da wasu mutane a ƙasashen waje. Littafin Dada kuwa yana nan inda ya tsaya.

Ranar da muka koma asibiti likita ya gwada shi ya ce na hagun ya kusa tafiya, na daman ne ke riƙe da shi. Muna shiga gida na fashe.

Na ce, "Baba, idon nan guda nawa ne? Ɗan abin da ya rage maka kake rabawa mutanen da ko fuskarsu ba ka sani ba! Su suna da idonsu, suna da shekarunsu. Kai fa? In ya rufe gobe, wa zai ƙarasa labarin Dada? Ka ce ba za ka faɗa in rubuta ba, ka ce ba za ka taɓa ba sai ka gama tukwici, to so kake ya mutu a rabi?" Ina faɗa ina kuka, don tsoro ne ya cika ni, ba fushi kaɗai ba.

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ce wa mutumin zan duba. Na riga na faɗa. Kuma akwai wani tsoho a wata ƙasa da zai ƙara girman nan ya nemi maɓallin ya rasa, shi ba shi da Injiniya." Ya juyo ya fuskance ni. "Ina sane da idon. Ni nake cikinsa."

Na ɗauki jakata na fita. Kwana huɗu ban taka Manawashi ba, ina kwana ina tashi da abin a raina. A rana ta biyar ƙawata ta tsaya da babur ɗinta a ƙofar makarantarmu ta ce in hau mu je, gyara na uku ya iso, kuma in na ƙi za ta gaya wa ɗalibaina yadda nake kuka a aji ɗaya.

Muka same shi a shirye da fayil a cinya. Ta saka gyaran. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ƙara girma, ya ƙara, ya kai ƙarshe. Maɓallin yana nan daram a inda ya kamata, da rubutunsa cikakke. Ya danna, ya rufe, ya sake buɗewa, ya sake dannawa, sau bakwai ina ƙirgawa. Sannan ya karɓi biro ya lalubi bangon fayil ɗin ya rubuta da manyan baƙaƙe a karkace: an kammala, a rufe. Daga baya ƙawata ta nuna mana jerin canje-canjen da aka fitar wa duniya, ga layi ɗaya a ciki da ke gode wa wani dattijo daga Gombe. Baba ya ce bai kamata su wahalar da kansu ba, amma sai da ya sa aka buga shafin aka saka a fayil.

A ranar, ko tashi ba mu yi ba, ya ce, "Ke, buɗe mini wurin da na tsaya."

Duk daminar nan Baba rubutu ya yi. Baƙaƙen suna ta ƙara girma, daga layi goma a allo zuwa biyar, har ya zama kalma uku ko huɗu ke cika shi. Daga baya ma ba ya duba allon sosai, yatsun ne ke tafiya, sai in zai adana ya matso ya nemi maɓallinsa. Inna ta daina yi masa faɗan abinci, sai ta ajiye kwano a gefe ta fita a hankali. Ni kuma na koyi kama bakina, abin da ƙannena suka ce shi ne babban abin al'ajabin shekarar. Ban taɓa leƙa abin da yake rubutawa ba, don ya hana.

Wata safiyar Asabar ya kira ni da kansa. Ya ce, "An gama. Ki zo ki kai wa Injiniya ta buga."

Da la'asar muka taru a tsakar gida, ni da Inna da ƙannena da ƙawata. Baba ya karɓi takardun ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya shafa gefensu, ya kai su kusa da fuska ya mayar. Ko layi ɗaya ba ya iya gani a takarda. Ya miƙo mini ya ce in karanta babin ƙarshe kowa ya ji, sauran kowa ya karanta da kansa.

Na fara. Babin tsufan Dada ne, yadda take zama a bakin zaure tana kaɗi tana yi wa duk mai wucewa tsiya. Muna ta dariya, Inna tana cewa wallahi haka take. Da na juya zuwa shafin ƙarshe sai Baba ya miƙe ya lalubi butarsa, ya ce bari ya yi alwala, mu ci gaba. Magariba kuwa da sauran lokaci sosai.

Shafin labarin ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ne, wata uku kafin Dada ta rasu. Ni ke nan. Sunan Dada aka sa mini, ga ni 'yar fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, daga "ke" sai "wannan". A shafin nan ya rubuta shi cikakke. Ya rubuta yadda ya ɗauke ni a ɓoye da ba kowa a ɗakin, ya kira sunan a kunnena sau ɗaya a hankali. Ya ce yarinyar ta gaji sunan ta gaji bakin, kuma duk ranar da ta ɗaga masa murya uwarsa yake ji ta dawo gidan, shi ya sa bai taɓa hana ta ba.

Na kai nan kuka ya ƙwace mini. Ƙawata ta karɓi takardar ta ƙarasa layi biyun da suka rage, ita ma da ƙyar. Can bayan ɗaki muna jin ƙarar ruwan buta, alwalar da ba ta ƙarewa.

Da ya ji shiru ya ɗaga murya daga inda yake. "Ke! Akwai kuskure?"

Na share fuska da bakin mayafi na ce, "Babu, Baba. Ko ɗaya babu."